Kwalliyar da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu: Tarihin Adon Babur da Darajarsa a Kasuwa

 A wannan mako za mu leƙa kasuwar da da wuya a sami gidan da wani nasa bai taɓa shigarta ba, wato 'yan babura, ɓangaren na hannu.

Akwai abin da ke faruwa a can wanda ke ɗaure wa matasa da yawa kai. Za a kawo babura biyu, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, shekarunsu ɗaya a kan titi. Na farko mai shi ya kashe masa dukiya: an sake masa fenti, an zana tanki, an sa fitilu masu walƙiya, an sauya salansa ta yadda tun daga bakin layi za a san ya taho. Na biyu kuwa yana nan yadda kamfani ya yi shi, fentin har ya ɗan koɗe. Da an fara tayi sai ka ga na biyun ya fi kuɗi, kuma shi ake fara sallamawa. Mai na farko ya koma gefe yana cewa dillalai sun haɗa masa baki. Wani lokacin da gaskiyarsa, amma galibi dalilin ya girmi dillalan. Tarihi ne da shi, kuma shi za mu bi sannu a hankali.

DAGA DOKI ZUWA KEKE

Yi wa abin hawa ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Kano ko hawan sallah a Katsina da Zariya ya san yadda doki ke shan kaya: sirdi, jalala, linzami, likkafa, kowanne da aikin dukawa ko maƙera ko masu ɗinki. Sai dai akwai hikima guda a adon doki da ya kamata mu riƙe tun daga nan. Duk kayan nan cire su ake yi. Ranar da za a sayar da doki, tsirararsa ake kai shi kasuwa, mai saye ya duba haƙori ya san shekaru, ya duba kofato, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiya. Sirdi yana gida, da kasuwarsa daban. Adon bai taɓa jikin dokin ba, don haka bai rage masa ko kwabo ba.

Da keke ya shigo zamanin Turawa, musamman Raleigh, sai wannan ɗabi'a ta koma kansa. Aka riƙa naɗe ƙarfen da roba mai launi, a sa wa sirdin riga mai geza, a ƙara madubi da ƙararrawa. A nan ma akasarin adon kariya ne. Naɗin nan yana hana fenti karcewa, in an tashi sayarwa a warware, keke ya fito kamar jiya aka saye shi. Iyayenmu suna yin kwalliyar ne da ido ɗaya a kan ranar sayarwa.

ZAMANIN UDOJI

Babur ya zama abin hawan ma'aikaci sosai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ariyas a dunƙule a 1975. Malaman makaranta, akawuna da malaman asibiti suka sami kuɗi a hannu lokaci guda, da yawansu suka nufi kantin babur. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, ta zama alamar ɗan boko mai tsafta, domin tana da garkuwa a gaba da ke kare babbar riga daga ƙura da taɓo. Honda, Yamaha da Suzuki na Japan suka cika tituna. Kasuwar ta yi girman da har aka riƙa harhaɗa su a cikin gida: Boulos yana haɗa Suzuki a Legas, Honda kuma ta kafa kamfaninta na Najeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta jihar Ogun ta yanzu.

Mai babur na wancan zamani ba ya sayensa don ya sayar baɗi. Kadara ce, kamar gona ko keken ɗinki. Adonsa bai wuce na keke ba: rigar kujera, ɗan tabarmar roba a wurin taka ƙafa, ƙyalle a aljihu na goge ƙura. Wasu ko ledar da aka naɗo kujera da ita daga kamfani ba sa cirewa sai ta yage don kanta. Har yau muna ganin dattawa a cikin birni da Vespa ɗin da ta girmi yawancinmu a wannan zaure, fentinta na asali, kuma in ka taya sai su yi murmushi su ce albarka.

ZUWAN ACAƁA

Abin ya juya ne bayan 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci, ayyuka suka ragu. Sai babur ya tashi daga abin hawan mai gida ya koma abin neman abinci. A Kano aka ce acaɓa, a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar aka ce kabu-kabu, a Kudu aka ce okada, sunan da aka aro daga wani kamfanin jiragen sama na lokacin.

Da farko da tsofaffin baburan Japan da ake shigowa da su ake sana'ar. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 sai na Sin suka kwararo, Jincheng a kan gaba, sannan Lifan da sauransu. 'Yan kasuwar Nnewi a jihar Anambra, cikinsu har da Innocent Chukwuma mai kamfanin Innoson, suka gano cewa in aka shigo da babur a wargaje aka haɗa shi a nan, kwantena ɗaya za ta ci ninkin abin da take ci a da. Farashin sabo ya sauko har ya karya kasuwar na hannun da ake kawowa daga waje. Bayan nan Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya ƙwace fagen haya, saboda ba ya shan mai kuma yana jure hanyar karkara.

A wannan zamanin ne kwalliya ta sauya ma'ana. Ɗan acaɓa yana tsaye a bakin titi cikin abokan sana'a ashirin, dole ya nemi abin da zai sa fasinja ya nuna shi. Sai sitika ta shigo: hoton jaruman finafinan Indiya, tambarin ƙungiyoyin ƙwallon Turai, hoton ɗan takara in zaɓe ya ƙarato, da 'yan kalmomin habaici irin waɗanda aka saba gani a bayan manyan motoci. Aka ƙara oda mai ƙarar ta tirela. Aka cire madubai don a kutsa tsakanin motoci. Aka je wurin mai walda ya tsawaita kariya, mai kujera ya ƙara soso, don a ɗauki mutum biyu ko uku. Samarin da ke wasa da babur a ɗaurin aure kuwa suka riƙa fasa salansa don ƙara. A Fanteka ta Kaduna da makamantanta babu abin da ba za a ƙera maka ba in ka zo da kuɗinka.

Bambancin wannan ado da na doki a fili yake. Yanzu an taɓa jikin abin. An yanke, an fasa, an liƙa, an fesa. Ba a iya warwarewa ranar kasuwa.

RANAR DA KASUWA TA CIKA

Ba a gane tsadar wannan sauyi sosai ba sai da gwamnatoci suka fara hana sana'ar. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a Oktoban 2006, lokacin Nasir El-Rufa'i yana ministan birnin. An hana hawa babur a Maiduguri a Yulin 2011 saboda rikicin Boko Haram. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni da kewaye cikin 'yan kwanaki. A Diffa ta Nijar ma an hana zirga-zirgar babura a 2015.

Kowane irin wannan hani yana tura masu babura kasuwa a lokaci guda. Wani zai sayar ya haɗa kuɗin A Daidaita Sahu, wani zai koma gona, wani bashi ke binsa. In masu sayarwa suka fi masu saye yawa, mai saye ne sarki, kuma abin da sarkin ya fara tambaya shi ne: wannan ya yi haya ko hawan gida ne? Babur ɗin da ya yi acaɓa yana yin tafiyar da na ma'aikaci ba zai yi a wata guda ba cikin 'yan kwanaki, da lodi, a kan ramuka. Agogon da ke ƙirga tafiya kuwa galibi ya daɗe da mutuwa. To da me mai saye zai gane? Da kwalliyar. Doguwar kariya, kujera mai tudu, ramin madubin da babu madubi, tabon sitika a tanki, su ne suka zama shaidar wahala. Abin da aka saka jiya don jan fasinja, yau shi ke korar mai saye. Har wanda bai taɓa ɗaukar fasinja ba, in ya yi wa babur ɗinsa irin wannan shiga, kuɗin ɗan haya za a taya masa.

ABIN DA MAI SAYE KE KARANTAWA

In muka tattara abin da kasuwar ta koya a waɗannan shekaru, za mu ga dalilai huɗu.

Na farko shi ne zargi. Mai sayarwa ya san tarihin babur ɗinsa, mai saye bai sani ba. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan matsala a 1970 da misalin motocin hannu, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2001. Taƙaicen maganarsa shi ne, in mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, to kuɗin marar kyau zai taya, don kada ya yi cinikin biri a sama. Fentin kamfani shaida ce da ba a iya ƙirƙira cikin sauƙi. Gasa shi ake yi da zafi a masana'anta, ga sheƙinsa daban, ga rubutun kamfani zaune a inda ya dace. Matuƙar yana nan, tanki bai taɓa lotsewa an cike shi ba. Da an ga sabon feshi, tambayar da ke zuwa ita ce me aka rufe. Gogaggen dillali zai ƙwanƙwasa tanki da ɗan yatsa ya saurari sautin, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko launin ciki ya yi daidai da na waje, ya duba kawunan notuna ko sufana ta taɓa cin su. Shi ya sa kalmar da ta fi kowace tsada a 'yan babura ita ce "ba a taɓa buɗe injinsa ba".

Na biyu shi ne takardu da tsoron kayan sata. Abu na farko da ɓarawon babur ke yi shi ne sauya masa kama. Don haka launin da ya saɓa wa abin da ke rubuce a rasit da takardun rajista yana jawo tsaiko a shingen jami'an tsaro, kuma dokokin hanya sun tanadi a sanar da hukumar rajista in za a sauya launin abin hawa. In mai feshi ya yi ganganci fenti ya cike lambar inji ko ta jikin babur, to an shiga uku, domin lambar da ba ta karantuwa sosai kamar wadda aka goge ce a idon ɗan sanda. Akwai ma launin da doka ta hana farar hula shafa wa abin hawa tun shekarun 1970, wato koren soja. Mai saye da ya hango zaryar ofishin 'yan sanda zai cire kuɗin wannan zaryar daga tayinsa, ko ya wuce gaba.

Na uku shi ne lafiyar inji. Ba don rage ƙara kawai aka yi salansa ba. An auna ta ne tare da kafireta, iskar da ke shiga da hayaƙin da ke fita su daidaita. Wannan ya fi tsanani a injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin na Suzuki 100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi. In aka fasa ta ba tare da an sake saita kafireta ba, inji na iya yin zafi fiye da kima, fistin da ringi su ci wuya. Fitilun ado da aka jona ta hanyar yanke wayoyi suna shanye batir, kuma nan ne wuta ke fara haɗuwa da damina. Walda a jikin ƙarfen babur tana raunana wurin da zafin ya taɓa. Bayan wannan duka, mai saye yana karanta halin mai shi a jikin salansar: wanda ke son ƙara yana son gudu, wanda ke son gudu ya taɓa faɗuwa.

Na huɗu shi ne ra'ayi. Abincin wani gubar wani. Baƙin Boxer ko jan roba-roba kowa na iya hawa, daga liman har ɗan makaranta. Da ka zana tambarin Arsenal ka sallami magoya bayan Chelsea da duk dattijon da ba ruwansa da ƙwallo. Da ka liƙa hoton ɗan siyasa ka raba masu sayenka biyu, kuma siyasar tamu ba ta kai shekara huɗu ba a sauya sheƙa ba. Da ka rubuta laƙabinka a tanki, mai saye ɗaya ya rage a duniya wanda zanen zai burge, kuma shi ne ke sayarwa. Duk wanda ya saya sai ya biya kuɗin kankarewa, daga kuɗinka kuwa zai cire.

A CAN ƘETARE

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, samarin Amurka da suka dawo daga fagen daga sun sami rarar baburan soja ƙirar Harley-Davidson da araha. Suka riƙa yanke madogaran taɓo da duk abin da ke ƙara nauyi, daga baya aka koma tsawaita ƙafar gaba da zane-zane a tanki. A Ingila ma samarin shekarun 1960 sun riƙa jera wa Vespa da Lambretta madubai da fitilu rututu. Da shekaru suka ja, masu tara tsofaffin babura suka koma neman waɗanda suka tsira daga zarto da fenti, su ne suka zama na tsada saboda sun yi ƙaranci.

Misalai biyu sun isa. A Janairun 2018, a wani gwanjo a Las Vegas, an sayar da babur ƙirar Vincent Black Lightning na 1951 a kan dala 929,000. Fentinsa tsoho ne, duk tabo, ba a sake shi ba, kuma wannan na cikin abin da ya ɗaga shi, tare da cewa a kansa Jack Ehret ya kafa tarihin gudu a Ostireliya a 1953. A ɗaya gefen, babur mai zanen tutar Amurka da aka ce shi Peter Fonda ya hau a fim ɗin Easy Rider na 1969 an taya shi dala miliyan 1.35 a 2014, duk da cewa an yanke shi an sauya masa kama gaba ɗaya. Sai dai ba fentin aka taya ba, labarin da ke bayansa aka taya, shi ya sa gardamar da ta biyo baya duk a kan abu ɗaya ta tsaya: shin shi ne na ainihin ko kuwa? Wato ko a can, kwalliya tana ƙara kuɗi ne kawai in wanda ya yi ta ko wanda ya hau ta sananne ne, kuma akwai shaida.

GYARAN DA KE BIYAN KANSA

Ba kowane sauyi ne asara ba, kuma adalci ne mu faɗa. Wanda zai kai babur ƙauye ya ɗauko buhunan masara ko jarkokin ruwa yana murna in ya tarar an ƙarfafa kariya an sa shakazoba mai ƙwari, muddin aikin ya yi kyau, domin da ma zai je ya yi. Sababbin tayoyi, sabuwar sarƙa, batir mai rai, makullin tsaro na ƙari, duk suna sa a sallama da wuri ko da ba su mayar da kuɗinsu cif ba. Ƙarfen da ake ɗaurawa da noti don kare inji da ƙafa in an faɗi, shi ma ba ya rage komai. In muka lura, duk waɗannan ko dai aiki suke yi wa mai saye, ko kuma ana iya kwance su. Mun dawo kan hikimar sirdi ke nan.

Maganar ta fi nauyi a yau fiye da kowane lokaci. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, sabon babur ya yi tsadar da matashi mai ƙaramin ƙarfi ba ya ko tunkararsa, wasu masu motoci ma sun ajiye sun koma babur. Kasuwar na hannu ta zama ita ce kasuwar talaka. Ga da yawa daga cikinmu, babur ɗin nan shi ne asusu. Shi ake sayarwa in an sa ranar aure, in an kwantar da mahaifiya a asibiti, in damina ta faɗi babu taki, in kuɗin rajistar makaranta ya taso. Irin wannan sayarwa ba ta jiran mai saye na musamman da zai yaba zanen da ke tanki. Ana so a sallama yau, kafin la'asar. A ranar ne mai kwalliya ke biya sau biyu: ya biya mai fenti a bara, yau kuma ya biya ragin da fentin ya jawo.

Ba muna cewa kada matashi ya ji daɗin abinsa ba ne. Wanda ya yi gumi ya saya yana da ikon ya mayar da shi kalar da ransa ke so, kuma masu fenti da masu zane sana'a suke yi mai ban sha'awa. Abin da tarihin ke nuna mana shi ne ya san kuɗin kwalliya kuɗin jin daɗi ne, kamar na shadda ko turare, kada ya lissafa su cikin jari. In zai yi, ya yi wadda ake cirewa. Ya adana salansar kamfani da madubai a ɗaki, ya bar fentin asali a ƙarƙashin riga ko ledar da ake ɓarewa, kada ya bari zarto ko walda su taɓa ƙarfen jiki, ya kuma riƙe rasit ɗinsa kamar takardar gida.

Waɗanda suka yi zamanin Vespa da Honda a cikinmu, ko suka taso a gidan da ake sana'ar babura, muna sauraron abin da za su ƙara mana, musamman sunayen da ake kiran waɗannan babura da su a garuruwansu. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.